Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Manyan Makarantun Arewa a Kan Watannin Koyon Aiki na Ɗalibai

Masu girma shugabannin jami'o'i, da na kwalejojin kimiyya da fasaha, da na kwalejojin ilimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni malami ne a ɗaya daga cikin makarantunku, kuma na daɗe ina cikin waɗanda ake turawa su duba ɗalibai a wuraren da suke koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ɗalibanmu suka fi kira da IT. Na zaɓi in yi muku wannan magana a bainar jama'a ne saboda matsalar ba ta makaranta ɗaya ba ce, kuma iyayen da suke sayar da hatsi da dabbobi domin su biya kuɗin karatu suna da haƙƙin su ji abin da ake yi da watannin da 'ya'yansu suke barin aji da sunan koyon aiki.

Akwai wata ziyara da har yanzu take damuna. Na je duba wani ɗalibi mai karatun kimiyyar sinadarai a wani ofishin gwamnati, inda ya samu gurbi bayan ya zaga wurare da dama an ƙi karɓarsa. Na tarar da shi a kan benci a baranda, littafin rahotonsa a kan cinya. Da na tambaye shi abin da yake yi kullum, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana kai takardu wurin fotokwafi, idan azahar ta yi kuma a aike shi sayo abinci. Amma littafinsa cike yake, mako bayan mako, da bayanin gwaje-gwajen da ba a taɓa yin irinsu a wannan gini ba, ga sa hannu, ga hatimi. Bai ɓoye mini ba, daga littafin wani da ya riga shi ya kwafo. Ban ga laifin yaron sosai ba, domin mu ne muka miƙa masa takarda muka ce ya je ya nemo wa kansa wuri, mu ne kuma za mu ba shi maki a kan abin da ya rubuta. Abin da ya koya a wata shida shi ne cewa ana iya cika takarda ba tare da an yi aiki ba, kuma a makarantarmu ya koye shi.

Ba don haka aka kafa shirin ba. An kafa hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wadda hedikwatarta take Jos, a 1971 zamanin Janar Yakubu Gowon, ita kuma ta ɓullo da SIWES a 1973 saboda koken da masu masana'antu suke yi cewa waɗanda suke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Da nauyin kuɗin ya yi mata yawa hukumar ta janye a 1978, gwamnati ta miƙa shirin ga NUC, hukumar kula da jami'o'i, da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, kafin a sake mayar mata da shi a 1984. A yau ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha wata huɗu bayan shekararsa ta farko, ban da shekara guda da ake son ya yi a wurin aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. Wato koken da aka kafa shirin domin magance shi ya haura shekara hamsin, kuma shi ne dai koken da muke ji a yau daga bakin duk wanda ya taɓa zama ya tantance masu neman aiki.

Na san amsar da za a fara ba ni, kuma tana da gaskiya a cikinta: masana'antun da aka tsara shirin dominsu sun mutu. Wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙun KTL da UNTL da Arewa suke aiki dare da rana, ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa lokacin da hayaƙi yake tashi ko'ina, ya san masaƙun Gusau da Funtuwa, ba sai an gaya masa abin da muka rasa ba. A lokacin masaƙa ɗaya tana iya ɗaukar ɗalibai masu yawa, daga masu karatun injiniya zuwa masu lissafin kuɗi. Yanzu ɗalibai sun ninka sau da yawa, wuraren kuma sun ragu. Sai dai rufewar masaƙu ba ta isa ta zama hujjar da za mu sallami ɗalibi da takardar da ba ta ɗauke da sunan kowa ba, mu bar shi yana bin ƙofa-ƙofa yana roƙon masu gadi. A irin wannan tsari, mai uwa a gindin murhu shi ne yake samun gurbi a banki ko kamfanin sadarwa ko babbar ma'aikata a Abuja, ɗan talakan da ya fito daga ƙauye, wanda shi ne farkon mai shiga jami'a a gidansu, ya ƙare a barandar sakatariya. Bambancin da muke fatan ilimi ya rage, sai ga shi mun ƙara masa faɗi da hannunmu.

Wuraren koyon aiki ba su ƙare a Arewa ba, neman su ne ba mu yi. Ga masana'antun casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Jigawa da Kabi, ga na siminti a Kalambaina da Ashaka da Obajana, ga na sukari a Numan, ga masu matsar man gyaɗa da waken suya, da masu haɗa takin zamani da abincin kaji, da majemun fata, da kamfanonin da suke kafa lantarki mai amfani da hasken rana. Ga aikin noman rani na Kadawa da Bakolori. A Zariya kaɗai akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta dabbobi a Shika, da ta fasahar fata, da ta sufuri. Kasuwar Dawanau kuwa makaranta ce sukutum ga mai karatun tattalin arziki ko kasuwancin amfanin gona, domin a nan zai ga yadda ake tara riɗi da zoɓo da citta, a tsaftace su, a auna, a yi ciniki, a loda su zuwa tashar jiragen ruwa. Tambayar da nake so kowannenku ya yi wa ofishin SIWES na makarantarsa ita ce: a cikin waɗannan wurare, nawa ne muke da rubutacciyar yarjejeniya da su, wadda ta faɗi adadin ɗaliban da za su karɓa duk shekara, da abin da za su koya musu, da wanda zai kula da su? Ina kyautata zaton amsar za ta ba ku kunya, kamar yadda ta ba ni.

Masu masana'antu mutane ne, kuma suna girmama wanda ya girmama su. Idan shugaban jami'a da kansa ya taka ya je wurin mai kamfani, ko ya gayyaci ƙungiyar masu masana'antu da 'yan majalisar ciniki na jiharsa ya zauna da su, maganar takan yi nauyin da takardar da ɗalibi ya riƙo ba za ta taɓa yi ba. Akwai kuma hujjar da za ku iya kafa musu. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma su riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu na shekara ga hukumar ITF domin horar da ma'aikata, don haka horo ba baƙon abu ba ne a lissafinsu. Wanda ya karɓi ɗalibi ya riƙe shi wata shida ya samu damar gwada shi ciki da waje kafin ya ɗauke shi, abin da hirar rabin sa'a ba za ta ba shi ba. Na ga wannan da idona a wata masana'antar shinkafa, inda wani ɗalibinmu ya lazimci mai kula da tukunyar turara shinkafa har ya iya gano matsala daga jin ƙarar inji, kuma kafin ya gama bautar ƙasa sun aiko suna nemansa. Abin da ya raba shi da yaron baranda shi ne wurin da ƙafarsa ta faɗa, ba kaifin ƙwaƙwalwa ba.

A nan ne nake so in tsaya a kan wani abu da na san wasu abokan aikina ba za su so ji ba. Muna da girman kai game da masu sana'ar hannu. Ɗalibin injiniya ya fi son a ce yana zaune a ofis mai sanyi ba ya yin komai, da a ce yana Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano yana ƙarƙashin maƙerin da bai yi boko ba, mu malamai kuma muna ƙarfafa masa wannan tunani. Alhali a Panteka ake ƙera injin niƙa da na sussuka da na gyaran hatsi da manoma suke saye suna amfani da su. Maƙerin yana da hannu da ido, ɗalibin yana da lissafi da zane, kuma idan aka haɗa su kowa zai ƙaru. Hukumar NBTE ta riga ta buɗe wannan ƙofa da tsarinta na ba masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ya rage shi ne makarantu su tantance ƙwararrun iyayen gida a irin waɗannan kasuwanni, su amince da su a matsayin wuraren koyon aiki, su kuma tabbatar akwai kariya daga haɗari. Tsarin ubangida da yaro ba sabo ba ne a ƙasar Hausa, da shi aka gaji rini a Ƙofar Mata da dukanci da ƙira da fatauci. Jamus, wadda ake yawan ba da misali da ita, ba wani sihiri ta yi ba illa ta ɗauki irin wannan tsari ta haɗa shi da makaranta, matashi yana kwana uku ko huɗu a wurin aiki, sauran a aji, kuma ana biyansa.

Sai batun duba ɗalibai, wanda laifinsa yake wuyanmu kai tsaye. Ƙa'ida ta ce malami ya ziyarci ɗalibi a wurin aikinsa, ya gana da wanda yake kula da shi, ya duba littafinsa. Abin da yakan faru shi ne a ba malami ɗaya ɗalibai masu yawa da suka warwatsu a jihohi, a ba shi kuɗin da bai kai na mota ba, ko ma a ce ya yi da nasa za a biya shi daga baya. Daga nan sai a koma kiran waya, a ce ɗalibai su taru a wuri ɗaya su kawo littattafansu a sa hannu. Ga kuma hanyoyin da matsalar tsaro ta sa mutum yake shakkar binsu. Mafita tana hannunku idan kuka haɗa kai: me zai hana malamin da yake Sakkwato ya duba duk ɗaliban da suke koyon aiki a Sakkwato, ko daga Maiduguri suka zo ko daga Bauci, na Maiduguri shi ma ya rama? Yarjejeniya ce da za ku iya ƙullawa a zama ɗaya. Haka kuma ranar da ɗalibi ya dawo kare rahotonsa, a daina wadatuwa da karanta takarda, a sa shi ya nuna abin da hannunsa ya iya, a kuma gayyaci wani daga masana'anta ya zauna cikin masu ba da maki.

Maganar kuɗi kuwa tana da ɗaci. Alawus ɗin da aka san ana ba ɗalibin SIWES shi ne naira 2,500 a wata, wato 15,000 a wata shida, kuma sau da yawa ba ya zuwa sai bayan ɗalibi ya dawo makaranta, wani har ya gama karatun. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000, asusun ba da rancen karatu na NELFUND kuma yake ba ɗalibi rancen 20,000 a wata domin ɗawainiyarsa, naira 2,500 ɗin nan ba ta isar ɗalibi kuɗin adaidaita-sahu na mako guda, musamman tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sakamakonsa a fili yake: ɗalibi ba ya zaɓen wurin da zai ƙaru, wurin da zai iya zuwa a ƙafa daga gidansu yake zaɓa. Na san ba ku ne kuke yanke wannan alawus ba, amma kuna da kwamitocinku na shugabanni, kuna da kunnen NUC da NBTE da NCCE mai kula da kwalejojin ilimi da ma'aikatar ilimi, kuma muryarku idan ta haɗu ta fi tawa kaiwa nesa. Ku nemi a ƙara shi, a kuma riƙa biyansa wata-wata lokacin da ɗalibi yake bukatarsa.

Wannan ƙunci ya fi tsanani a kan ɗalibai mata. Uba yana iya yarda 'yarsa ta zauna a ɗakin kwanan makaranta, amma da wuya ya yarda ta tafi wani gari ta kama haya ita kaɗai wata shida, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka yarinya mai ƙoƙari, wadda take kan gaba a ajinta, sai ta ƙare a wani ofis kusa da gida da bai da alaƙa da karatunta. Idan makarantunku suka amince su riƙa ba ɗaliban juna masauki a ɗakunan kwanansu lokacin koyon aiki, rabin wannan matsala ta kau. Ya kamata kuma kowace ɗaliba ta tafi da lambar wata malama da za ta iya kira idan wani ya nemi ya ci zarafinta a wurin aiki, tare da tabbacin cewa za a sauya mata wuri ba tare da ta rasa makinta ba, domin tsoron rasa sa hannun shugaban ofis ya sa 'yan mata da yawa sun haɗiye abin da bai kamata su haɗiye ba.

Koyon aiki rabin tafiya ne, sauran rabin shi ne sanin yadda ake neman aikin. Ɗalibanmu da yawa suna karɓar kwalin digiri ba su taɓa rubuta takardar bayanin kai ta neman aiki ba, ba su taɓa zama gaban masu tantancewa ko da na gwaji ba, ba su saba da jarrabawar kwamfuta mai ƙayyadadden lokaci da bankuna da manyan kamfanoni suke fara tace mutane da ita ba. Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu. Mun taso an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro ba ya haɗa ido da babba. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita, amma mai tantancewar da bai san mu ba yakan fassara kunya da rashin sani, ya fassara sunkuyar da kai da rashin tabbas. Ana iya koya wa ɗalibi ya faɗi abin da ya iya a fili, cikin Ingilishi mai tsafta, ba tare da ya zubar da ladabinsa ba, sai dai abu ne da yake bukatar maimaici a gaban mutane, ba lacca ɗaya a makon yaye ɗalibai ba. Kowace makaranta tana bukatar ofishin shirya ɗalibai domin aiki wanda yake da ma'aikata na dindindin, ba ɗaki mai allo a ƙofa da kwaɗo a jiki ba. Sabon tsarin manhaja da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da ita, don haka babu mai cewa babu gurbin da za a sa wannan horo. Darasin koyon dogaro da kai da aka wajabta wa kowane ɗalibi shi ma ya kamata a fitar da shi daga allo, a kai shi inda ake ciniki.

Irin wannan ofis ne zai riƙa sanar da ɗalibai damarmakin da suke wucewa ba su ji ba. Shirin Jubilee da gwamnatin tarayya ta fara tare da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021 yana tura waɗanda suka gama karatu kamfanoni su yi shekara guda ana biyansu, shirin 3MTT da aka fara a 2023 yana horar da matasa fasahar zamani, hukumar bautar ƙasa kuma tana da nata shirin koyar da sana'a. Yawanci ta intanet ake neman irin waɗannan, cikin 'yan makonni a rufe, kuma wanda ya ji da wuri ya shirya takardunsa shi yake samu. Lokaci ma ba ya jiran ɗalibanmu, domin kamfanoni da yawa suna gindaya iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata, ga shi yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas daga rayuwarsu. Tsofaffin ɗalibanku, waɗanda suke riƙe da muƙamai a bankuna da asibitoci da kamfanonin mai da hukumomin ƙasa da ƙasa, da yawansu za su yi farin cikin karɓar ɗalibi ɗaya ko biyu, ko su ba da sa'a guda su yi wa 'yan ajin ƙarshe tantancewar gwaji, amma ba a tuna su sai ranar da ake neman gudummawar gini.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, shi ne kafin rukuni na gaba ya fita, kowannenku ya kira daraktan SIWES na makarantarsa ya nemi a kawo masa sunayen ɗaliban bara, da wurin da kowanne ya je, da ko wurin ya dace da karatunsa, da sunan malamin da ya ziyarce shi da ranar da ya je. Ku karanta da kanku, ku zaɓi wurare goma ku aika a duba ba tare da sanarwa ba, sannan ku gabatar da abin da kuka gani a gaban majalisar malamai ta makarantarku. Ni da abokan aikina da muke wannan zirga-zirga a shirye muke mu zo mu faɗi abin da muka gani a duk ranar da kuka kira mu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malami mai duba ɗalibai a wuraren koyon aiki